Yarinyar Gwanja

Biki ne ya kai ni Akara. Jikar Gwaggo za a aurar, kuma tun bayan ƙaramar salla Gwaggon take aiko mini da saƙon murya ta WhatsApp, kowanne da irin gorin da ke cikinsa: wai mu na Najeriya mun yar da zumunci, wai tun rasuwar Baba babu wanda ya ɗaga ƙafa ya je ya ga ko tana da rai. Gwaggo yayar mahaifina ce, ciki ɗaya. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa ba ta kirana sai da Uwata. A watan Satumba na 2024 na ɗaure kayana, turmin atamfa shida, shadda ta ango, kilishi, yajin daddawa da turaren wuta na Barno da amarya ta roƙa da bakinta, na hau motar dare daga Kano zuwa Legas.

Daga Legas zuwa Akara bai kai kilomita 500 ba, wato da kaɗan ya ɗara Kano zuwa Abuja. Amma a cikin wannan 'yar tazarar za ka taka ƙasa huɗu, ka tsallaka iyaka uku, ka canji kuɗi daga naira zuwa sefa, daga sefa zuwa sidi. Mun bar Mile 2 da asuba, muka bi ta Badagry zuwa Seme. Kwatano ta karɓe mu da 'yan acaɓa masu riguna ruwan ɗorawa, kamar an zazzage buhun fara a kan titi. Togo kuwa kafin ka gyara zama ta ƙare, gaɓar tekunta duka-duka kilomita hamsin da 'yan kai ce, teku na hannun hagu, bishiyoyin kwakwa na jere, sai ga Lome, sai ga Aflao manne da ita kamar Fagge da Sabon Gari. Tun a iyakar Benin da Togo agogo ke komawa baya da awa ɗaya. A ɗaya daga cikin iyakokin uku, ba zan faɗi wacce ba, wani jami'i ya juya fasfona gaba da baya, ya ga babu hatimi ko ɗaya a ciki, ya yi murmushi ya ce fasfon budurwa ne, sai an biya sadaki. Na nuna masa katin rigakafin shawara, na karanto masa abin da na sani game da ECOWAS da 'yancin zirga-zirga. Ya saurare ni da ladabi har na gama, sannan ya maimaita kuɗin. Direba ya raɗa mini cewa, "Hajiya, rana na yi." Na biya.

Bayan mun haye gadar kogin Volta a Sogakope barci ya ɗauke ni, ban farka ba sai a Tema. Abin da na fara gani a Akara hotunan 'yan takara ne, don zaɓen 7 ga Disamba ya matso. John Mahama a wannan bangon, Mahamudu Bawumia a wancan, dukansu 'yan arewacin ƙasar. Tashar da aka sauke mu sunanta Tudu. Na tambayi direba ko Tudu irin tamu ce, ya ce to wace iri kuma?

Nima, unguwar su Gwaggo a Akara, ba ta da faɗi amma tana da zurfi. Lunguna ne a cikin lunguna, kwata a tsakiya, masallaci a kowace kusurwa, yara na buga ƙwallo kowa na kiran kansa Kudus, don a nan Mohammed Kudus ya taso. Hausa ake yi ko'ina, sai dai ba lallai mai yin ta ya zama Bahaushe ba. Akwai Dagwamba, Zabarmawa, Kotokoli, Mosi, Wangarawa, Fulani, har da Yarabawa, Hausa ce igiyar da ta ɗaure su. Hausar ce ta sha ruwan teku: ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ya zo" ne, kuma ƙa da ɗa da ɓa duk sun miƙe sun zama ka da da da ba. Ranar farko da wata yarinya ta ce mini "Kaka ya ce ki zo" na tsaya ina waige-waige ina neman tsoho. Da safe koko da ƙosai, wanda duk Gana ke kira Hausa koko. Da rana waakye, wato shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi har ta yi ja, a zuba mata shito da taliya da dafaffen ƙwai. Da dare tuo zaafi. Duk sunayenmu ne, an ɗan lanƙwasa su. Tsofaffi ma ba sa cewa Akara, Ankara suke cewa.

Dalilin da ya sa Gwaggo ke nan mu muke can, goro ne. Kakan kakanmu ɗan fataucin Gwanja ne, irin waɗanda ke tashi daga Kano da jakuna ɗauke da kanwa da baƙin saƙi da fatu, su yi watanni a hanya kafin su isa Salga, su juyo da goro. Shi bai juyo ba. Da yaƙin basasar Salga na 1892 ya watsa kasuwar, mutanenta suka bazu, namu suka gangara Kumasi. Can aka haifi kakana, can aka haifi Gwaggo da Baba. Sai a Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Kakana, wanda bai taɓa ganin Kano da idonsa ba, ya sayar da abin da zai sayu, ya ɗebi 'ya'yansa maza ya hau babbar mota. Baba na da shekara 12. Gwaggo amarya ce a lokacin, mijinta na da takardu, aka bar ta tana kuka a bakin tasha. Mu ma a 1983 muka rama wa Ganawa, har jakar da suka zuba kayansu ta samu suna. Wannan kenan.

Na isa ranar Alhamis, biki sai Asabar ta sama. Ranar Lahadi bayan isha'i na lura gidan ya canja. An yi wanke-wanke da wuri, an kori yara maza daga kan kujeru, maƙwabta mata biyu sun shigo da kujerunsu na roba. Auta, ƙanwar amarya, tana durƙushe gaban talabijin tana roƙon Allah kada a ɗauke wuta. Na ce wasan ƙwallo ne? Ta ce, "Anti, GMB ne." Ghana's Most Beautiful, gasar sarauniyar kyau da tashar TV3 ke yi kowace shekara tun 2007.

Gabana ya faɗi, kuma sai da na ji kunyar faɗuwar tasa. A Kaduna na girma, Baba na aiki a masaƙa. Ina da shekara 17 a Nuwamban 2002, cikin azumi, lokacin da aka kawo gasar Miss World Najeriya saboda Agbani Darego ta ci ta shekarar da ta gabata. Wata jarida ta Legas ta buga maganar da ta taɓa Manzon Allah (SAW), gari ya kama da wuta. Kwana uku muna kulle a ɗaki, muna buɗa-baki da gari da ruwan randa, hayaƙi na shigowa ta tagar bayi. Sama da mutum 200 suka mutu, aka kwashe 'yan matan aka kai gasar Landan. Tun daga nan, in aka ce sarauniyar kyau, ƙaurin taya nake ji kafin in tuna da wata kwalliya. Ga shi yau ina zaune a falon yayar ubana, tana kan darduma da carbi a hannu, an juya mata talabijin yadda za ta gani da kyau, ita kuma tana yi kamar ba don ita aka juya ba.

Tsarin gasar mai sauƙi ne. Gana na da yankuna 16. Da goma ne, sai ƙuri'ar raba gardama ta Disamban 2018 ta ƙaro shida, aka samu Oti, Ahafo, Bono ta Gabas, Arewa maso Gabas, Yamma ta Arewa da Savannah. Kowane yanki na fitar da yarinya ɗaya, a tara su a gida guda na tsawon watanni, duk daren Lahadi su fito a ba su aiki: wannan makon rawar gargajiya, wancan tarihin wani sarki ko wani biki, wani makon su yi bayani kan wata matsala da ta dami yankinsu. Alƙalai su ba da maki, masu kallo su yi zaɓe ta waya, a riƙa sallamar na ƙasa har a kai ga ta ƙarshe, wadda za ta tafi da kambi da mota da kuɗi. Kowacce da suna ɗaya tak take amfani, sunan gida irin na yankinta, a rubuta shi a ƙasan allo tare da sunan yankin.

Na zauna ina jiran abin da zai sa in tashi, bai zo ba. Ban ga kayan wanka ba, ban ga tafiyar rangwaɗa da ɗan kamfai ba. Abin da na gani kente ne, mai nauyi, an naɗa shi ya bar kafaɗa ɗaya, da duwatsun wuya har sun yi wa yarinya yawa, da saƙin arewa mai ratsi-ratsi wanda ake ɗinka fugu da shi. In an ce tsiraici, to kafaɗu da damatsa ne, irin wanda kowace Asante ke bari ranar biki. Maƙwabciyar da ke kusa da ni ta zama mai yi mini tafinta. Ita ta nuna mini cewa a rawar adowa hannu magana yake yi, kowane juyi na tafin hannu da abin da yake faɗa, mai kallo da ya sani yana karantawa kamar wasiƙa. Ta ce agbadza ta mutanen Ewe a kafaɗa da gadon baya take, kpanlogo ta ƙabilar Ga, mutanen Akara, kuwa a ƙugu. Da aka ambaci Damba ta ce wannan ai namu ne, bikin watan Mauludi ne na Dagwamba da Gwanjawa, a makonnin nan ma ake yin sa a arewa.

Abin da ya kama ni shi ne harshe. Yarinya za ta fito ta gaida alƙalai da harshen garinsu, ta yi kirarin sarkinsu, ta ja baiti, sannan ta koma Turanci. In ta yi tuntuɓe a harshen, falon gaba ɗaya sai ya ɗauki "eeeh!" ko da babu mai jin yaren a cikinmu, don tuntuɓe ba ya ɓuya. Kyan fuska na nan, an kuma shafe shi da hoda har ya fi ƙarfin fuskar, amma a daren nan ban ji an yi gardama kan hancin kowa ba. Gardamar duk a kan wa ta san gida ce.

Da aka sa lambobin zaɓe a allo sai falon ya rabu. Amarya ta ce ita 'yar Greater Accra za ta zaɓa, a nan aka haife ta, a nan za ta yi aure. Auta ta ce, "Wannan Ga ne, in kin je gidansu za su ce ke 'yar ina?" Matar Yaya babban ɗan Gwaggo, wadda aka auro daga Aboabo ta Kumasi, ta ce ita Ashanti har kullum. Maƙwabciya Badagwamba ce, ba ta ma tsaya magana ba, tana ta danna waya, ta tuna mana cewa Teiya ta yankin Arewa ce ta ci a 2022. Kowace ƙuri'a kuɗi ce, ana cira daga asusun waya, kuma babu iyaka, iya kuɗinka iya shagalinka. Na ga Auta ta tura har sau goma, na lissafa a raina, sidi ɗaya a lokacin kusan naira 100 ne. A nan ne na fara ganin bayan tukunyar. Yankin da ya fi masu kuɗi da masu son a san su ya fi ƙuri'a, ko da 'yarsu ta yi rawa kamar an ɗaure mata ƙafa. Tsakanin kowace fitowa kuma talla ce, ta man shafawa da sabulu da maganin ƙarin jini.

Sai aka nuno ta Savannah. Titiaka aka rubuta. Kanta a rufe yake ruf, ko silin gashi babu a waje. Carbin Gwaggo ya tsaya.

"Wannan na ina ne?"

"Savannah, Kaka."

"Ina ne kuma Sabana?"

"Damongo, Bole, Salaga, can wajen."

Gwaggo ta gyara zama. "Ku ce mini Gwanja mana. Yarinyan Gwanja ne." Ta laluba ƙasan darduma ta ciro ƙullin gefen zane, ta kwance, ta miƙa wa Auta takardar sidi goma. "Sa masa."

Gwaggo ba ta taɓa zuwa Salga ba. Ba ta jin ko "sannu" da Gwanjanci. Kakanta ne ya baro garin yana yaro, a kan jaki, shekara 132 kafin wannan daren. Amma a taswirar da aka shimfiɗa mata mai gida 16, nan ne kaɗai ta ga inda za ta ajiye tabarmarta. Kumasi, inda aka binne cibiyarta, ta Asantawa ce. Akara, inda ta haifi 'ya'ya tara ta binne miji, ta Ga ce. Kano kuwa sunan da ake faɗa ne in an tambayi asali. Zango, wato unguwar baƙi irin Nima, ba yanki ba ne, ba shi da yarinya a kan dandamali, alhali babu babban gari a Gana da ba shi da zango, kuma Babban Limamin ƙasar, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda ya haura shekara 100, ɗan zango ne da shugabannin ƙasa ke zuwa gaishe shi.

Ana cikin haka Yaya ya shigo daga masallaci. Shi ne babban ɗan Gwaggo, yana koyarwa a makarantar Islamiyya. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama da ƙarfi, irin sallamar da ke nufin a rage murya. Ya dubi allo, ya dube ni, ya ce, "Ƙanwata, ke ma? Na ɗauka ku na Kano za ku zo ku gyara mana su." Na ce ni baƙuwa ce, abin da aka ba ni nake ci. Ya ce ko an rufe kai ko ba a rufe ba, jera 'ya'yan mutane ne a gaban maza ana ba su maki kamar raguna a kasuwar layya, lulluɓin ma ya fi ba shi tsoro don shi zai sa iyaye su saki jiki. Gwaggo ba ta ɗago ba ta ce, "Abincinka na kicin." Ya wuce. Maganarsa ba ta wuce ba, don ni ma tana cikina. Akwai wani abu a tsayuwar yarinya tana murmushin dole, hannu a haɗe, tana jiran a faɗa mata darajarta, da ba ya kwanta mini, ko kente ta sa ko hijabi. Kuma al'adar da aka matse cikin minti uku don ta shiga tsakanin talla biyu, dole a yanke mata hannu da ƙafa. Savannah ɗin ma ba Gwanjawa kaɗai ba ne a cikinta, akwai Vagla da Birifor da wasu, duk an naɗe su a zane ɗaya.

Duk da haka, da suka tambaye ni yadda tamu take a Najeriya, sai na rasa bakin fahariya. A manyan gasanninmu ana rataya wa 'yan mata sunayen jihohi, amma sau da yawa sunan kawai ne. Za ka ga wadda aka rubuta wa Zamfara ko Yobe a ƙirji, ba ta taɓa wuce Lokoja ba. Makonni kaɗan kafin tafiyata Chidimma Adetshina ta ci Miss Universe Nigeria da sunan Taraba, alhali mahaifinta ɗan Inugu ne, ita kuma a Afirka ta Kudu ta tashi, inda 'yan ƙasar suka tasa ta gaba da cewa ba tasu ba ce har ta janye daga gasarsu. Auta ta san labarin fiye da ni. Ta kuma san Shatu Garko, 'yar Kano mai shekara 18 da ta ci Miss Nigeria a Disamban 2021 da hijabinta, tana wakiltar Arewa maso Yamma. Ta tambaye ni wane irin biki aka yi mata a Kano. Na ce Hisba ce ta ce za ta gayyaci iyayenta. Falon ya yi shiru, sai maƙwabciya ta ce, "Ayya."

Washegari Auta ta raka ni Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, mai ƙubbobi da dogayen hasumiyoyi kamar an ɗauko shi daga Istanbul an dasa. Daga Nima da ƙafa ake zuwa. Ta nuna mini da baki cewa gidan TV3 ma a Kanda yake, ba nisa. Auta na da shekara 19, tana karatu a jami'ar Legon, doguwa ce irin dogayen gidanmu, da wushirya irin ta Baba sak, har na kasa daɗewa ina kallonta. A hanya ta ce mini tana son ta je tantancewar GMB in ta gama karatu, kada in faɗa wa babanta.

Na ce, "To wane yanki za ki tsaya wa?"

Ta yi dariya. "Shi ne ai, Anti." Ta ce in ta je na Greater Accra za a ce ta yi Ga, tana ji amma ba ta iya kirari da shi ba, kuma ba ta da gidan dangi da za ta nuna a Jamestown ko La. In ta je Ashanti, Twi ɗinta ya fi na wasu Asantawan, amma da ta faɗi sunanta za a ɗaga gira. Arewa kuwa ba ta taɓa wuce Kintampo ba. Ta ce duk takardar da za ka cike a ƙasar nan akwai gurbin garin asali, in ta rubuta Nima sai a ce Nima ba gari ba ne, daga ina kakanninki suka zo? "In na ce Kano, sun ce to ga hanya. In na zo Kano kuma ku ce mini 'yar Gana, kuna dariyan Hausana."

Ban musa ba, don ko a daren jiya na yi. Na so in ce mata a wurinmu ba haka ba ne, sai na tuna Sabon Gari. Sarauniyar kyau ta farko a Najeriya, Grace Oyelude, wadda ta ci a 1957, a Kano aka haife ta, kuma Jihar Arewa ta wakilta. A shekarar ce Gana ta samu 'yanci, ita ma ta naɗa tata ta farko, Monica Amekoafia. Yau in jikar irin su Grace, haihuwar Sabon Gari, uwa da uba haihuwar Sabon Gari, ta je neman takardar shaidar asalin jiha, mun san amsar da za ta samu. Ina da abokiyar aiki Ibo da ta fi ni iya karin magana, an haife ta a titin Faransa, kuma har gobe in an tashi rabon wani abu sai a tuna mata da Anambara. Sabon Gari zangonmu ne, mu ne Ga ɗin wurin. Ban taɓa kallon abin ta wannan fuskar ba sai da na tsaya a harabar masallacin Kanda da takalmina a hannu.

Na tambaye ta in da za a ba zango gurbi, me za ta nuna? Nan take ta fara lissafi da yatsu: za ta shigo da kayan amarya na lalle, a yi mata kiɗan gangi, ta dafa waakye a kan dandamali, ta ba da labarin Malam Bako da ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarnin da ya wuce, ta gaida alƙalai da Hausa da Zabarmanci da Kotokoli da Dagwamci a numfashi ɗaya. Ta ce, "Wallahi Anti da na cinye su." Sai ta gyara mayafi, don mun iso ƙofar mata.

Biki ya yi kyau. An ɗaura aure da safe a ƙofar gida, aka raba goro da alawa, goron nan dai da ya kai mu can. Da yamma aka toshe layi da rumfuna, mata suka fito da anko, ana liƙa wa amarya sidi. Turaren wutana ya yi suna har maƙwabta na aiko yara da 'yan kwalabe. Gwaggo ta riƙe hannuna ta zagaya da ni wurin tsofaffi tana cewa, "Ga uwata daga Kano, ɗiyan ƙanina da aka kora." Wata tsohuwa ta ce ta tuna ranar, a Kumasi, ita ma an tafi da yayyenta biyu Sakkwato ba ta sake jin ɗuriyarsu ba, ko na san su? Ta faɗi sunayen. Na ce zan tambaya.

Na dawo ta hanyar da na bi, fasfona ya daina zama budurwa, kuɗin ya ragu da rabi. Na koma aiki, na manta da GMB, sai dai in na ga Auta ta sa hoton Titiaka a status da lambar zaɓe a ƙasa.

Wata safiyar Litinin, ina tsaye a Kantin Kwari ana auna mini yadi, saƙon murya ya shigo. Na kara a kunne. Hayaniya ce a bayanta, da guɗa, da muryar Yaya can nesa yana cewa a yi a hankali mutane na barci, alamar tun dare aka ɗauka. Sai Gwaggo, tana haki kamar ita ta yi rawar: "Uwata, kina ji? Yarinyan Gwanja ya ci. Ya ci mota. Sidi talatin na sa masa duka-duka." Ta yi tari, ta ce yajin ya ƙare, in an samu mai zuwa in aiko da wani, kuma kada a cika masa citta irin na wancan karon.